Wanda Ya Ci La'ada Shi Zai Biya

Jama'a, ni dai ban yarda da dillalin da zai ci la'ada, in ciniki ya ɓaci ya ce ba ruwansa ba.

Ku dubi abin da ya faru a Landan a 2020. Gidan gwanjo na Roma Numismatics ya sayar da wani sulen zinare da Burutus ya sa aka buga shekara 42 kafin haihuwar Annabi Isa, don tunawa da kisan Yuliyas Kaisar. Fam miliyan 3.24 aka biya, har da la'adar gidan. Zinaren na gaske ne, takardar asalinsa ce ta boge. Ashe daga Girka aka sato shi. A 2023 aka kama mai gidan, Richard Beale, a New York, ya amsa laifinsa, sulen kuma aka mayar wa Girkawa.

Wai sai ka ji ana cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haba! Wace rariyar? Mai saye bai ga ramin da aka tono abin ba, maganar gidan ya saya. Su suka rubuta asali a kundinsu, su suka buga guduma. To su amayar da kuɗin mutum, har da la'adar da suka soke.