Ina Mudun Ruwa?

Jama'a, a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ba a sayen abu a makance. Mai sayen gero ya ga mudu, ya kuma cusa hannu cikin buhu ko da tsakuwa. Mai sayen sa a kara sai ya buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora tukuna ya taya. Amma ga wata haja guda wadda kowane gida ke saye kullum safiya, daga Maigatari har Gumel, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, ba kuwa mai sanin abin da ke cikinta. Ruwa ke nan. Jarka dai muke ƙirgawa mu biya ɗan garuwa. Abin da ruwan ya ɗauko daga ƙarƙashin ƙasa kuwa, sai aljihunmu ya faɗa mana daga baya.

Ba laka muke nufi ba, ba kuma ƙwari ba. Laka ana ganinta, a sa alif ta kwanta, a tace da ƙyalle. Abin da muke magana a kai shi ne gishirin ƙasa wanda ya narke ƙarƙaf cikin ruwa, ido ba ya ganinsa. Ruwan sama yakan sauko kusan babu kome a cikinsa. Sa'ad da ya nutse cikin rairayi da yumɓu sai ya riƙa lasar abin da ya tarar, watau gishiri, da kanwa, da dangin alli da farar ƙasa, da ƙarfe. Tun da yake a wannan yanki namu babu kogin da ke gudu rani da damina, duk ruwanmu daga ƙasa yake fitowa, ko na famfo ne, ko na tuƙa-tuƙa, ko na guga. Ƙasar nan kuwa maƙwabciyar ƙasar Manga ce, inda kakanninmu suka yi ta fataucin mangul da kanwa. Shi ya sa tun kafin zuwan injiniya tsofaffinmu suka san rijiyar daɗi, suka san rijiyar zartsi.

Wannan abu yana da awo. Masana suna ƙirga shi da miligiram cikin lita guda. Ruwan teku yana ɗauke da wajen 35,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da bai kai 600 ba yana da daɗin sha, in ya haura 1,000 sai baki ya fara ƙinsa. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda hukumar SON ta fitar a 2007 aka kuma sabunta ta a 2015, ta tsaida iyaka a 500. Don kada lissafin ya zama na 'yan boko kaɗai, ga shi a jarka. Jarka mai lita 25, in ruwanta yana kan 500, to akwai giram 12 da rabi na narkakken gishiri a ciki, watau kamar cokalin shayi biyu. In yana kan 1,000, cokali huɗu ke nan. Ruwan kuwa garau, kamar idon zakara.

Abin lura shi ne, wannan awo ba ya tsayawa wuri guda. Burtsatse biyu a unguwa ɗaya, in zurfinsu ya bambanta, ruwansu ma sai ya bambanta, domin kowace da shimfiɗar ƙasar da take tsotsa. Damina a nan wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara rana ce ke shan ruwa ta bar gishiri, saboda haka rijiya marar zurfi takan ƙara zartsi da bazara. In injin wata burtsatse ya mutu aka juya famfo zuwa wata, ruwan gari ya sake ke nan cikin dare ɗaya. In layi ya yi tsawo ɗan garuwa ya tura kurarsa wani wuri, ruwan gidanka ya sake, kuɗin jarka kuwa yana nan yadda yake.

To, wa ke biyan kuɗin wannan canji? Talaka mai sana'a da ruwa. Dangin allin nan da ke cikin ruwa abokin gaban sabulu ne. Sai ya cinye rabonsa na sabulu tukuna kumfa ta tashi. Mai wanki da guga wanda jiya sabulu guda ya ishe shi, yau sai ya ƙara, ga farar shadda ta fito da duhu-duhu, mai kaya ya ce ha'inci ne. Mai shayi ya leƙa cikin butarsa ya ga farin ɓawo ya kama gindi, ɓawon nan kuwa yana tare zafi, itace ko gawayi ya ƙaru. Mai dafa wake ta ga wake ya ƙi nuna sai da ƙarin kanwa, domin allin ruwa yana ƙara wa wake tauri. Direba ya zuba irin ruwan nan a lagireto, a hankali hanyoyinta su toshe, mota ta yi ta zafi a kan hanyar Gumel. Mai cajin batir in ya zuba shi maimakon tataccen ruwa, ya rage wa batir kwana. Mai wankin mota ya goge gilashi tas, rana ta busar, sai ga ɗige-ɗige fari kamar zanen zabuwa, mai mota ya hana shi cikon kuɗinsa. Duk waɗannan asara ce da ba a rubuta ta a littafin kowace hukuma. Haraji ne wanda ba mai ba ka rasit.

Har da sabon abu ma. Yanzu burtsatse da yawa a Jihar Jigawa da hasken rana suke aiki, 'yan tireda da masu cajin waya su ma sun ɗora faifan sola a kan rumfa. Faifan nan fuskarsa gilashi ce. Ƙurar hunturu ta rufe shi, dole a wanke. In aka wanke da ruwa mai gishiri da tsakar rana, ruwan ya bushe ya bar farin tabo wanda ba ya fita da tsumma, hasken da ke shiga ya ragu, wutar da faifan ke bayarwa ta ragu. Ashe ruwan da faifai ya jawo daga ƙasa shi ne zai komo ya dushe masa ido.

Bari mu leƙa Ingila mu ga yadda masu ƙaramar sana'a irin tamu suke yi da wannan al'amari. A can akwai masu sana'ar wanke tagogin gilashi. Tun da aka yi dokar aiki a bisa tsawo a 2005, da yawansu suka sauka daga tsani, suna tsayawa a ƙasa da doguwar sanda mai burushi wadda ruwa ke fita ta bakinta. Ba sa sa sabulu, ba sa gogewa. Asirin sana'ar shi ne ruwan ya zama babu gishiri ko kaɗan, don in ya bushe kada ya bar tabo. Sai su bi da ruwan famfo ta cikin wata matata mai kama da fata, wadda ke tare mafi yawan gishirin, sa'an nan ta cikin wasu 'yan ƙwayoyi kamar gero masu tsotse sauran, har awo ya sauko sifiri. In ya haura wajen 10, tabo ya fara fita. Ƙwayoyin nan kuwa da kuɗi ake sayensu, kuma gwargwadon gishirin da suka tsotsa gwargwadon saurin mutuwarsu. In gishirin da ke shiga cikinsu ya ninka, kwanansu ya ragu da rabi. A kudancin Ingila, inda ƙasa take da alli, abin ya fi tsada bisa ga arewa can wajen Sikotilan. Saboda haka mai wanke taga ba ya fita aiki sai da ɗan ma'auni a aljihu, tsawonsa kamar biro, wanda ake kira ma'aunin TDS. Ya tsoma shi cikin kofi, lamba ta fito nan take. Ran da kamfanin ruwa ya sake mashaya ko ya gauraya ruwa biyu, shi ne farkon mai sani. Har wa yau kamfanonin ruwa na can suna buga sakamakon gwajinsu unguwa-unguwa, kowa ya duba, akwai kuma hukumar da aka kafa a 1990 don sa musu ido.

To, jama'a, in mai wanke taga ya san lambar ruwan da zai watsa wa gilashi, don me uwa a Maigatari ba za ta san lambar ruwan da za ta ba jaririnta ba?

Domin maganar ba ta tsaya kan sabulu ba. Ba dukan abin da ya narke cikin ruwa ne mugu ba, kaɗan daga dangin alli ma yana da amfani ga ƙashi, ba kuwa cewa muke a sha ruwa mai sifiri ba. Amma akwai masu cuta. Akwai naitiret, wanda ke tsiyaya daga masai, da turken dabbobi, da takin zamani, ya shiga rijiya marar zurfi. In ya wuce 50 cikin lita yana iya hana jinin jariri ɗan ƙasa da wata shida ɗaukar iska. Tafasa ba ta kashe shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi, domin ruwa ne ke tashi tururi shi ya zauna. Akwai fuloraid, wanda in ya wuce 1.5 yakan ɓata haƙoran yara. A watan Oktoba na 2022 aka shelanta Jigawa ta zama jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da bahaya a fili. Abin yabo ne. Amma yawan masai a gari yana kira da a riƙa gwada rijiyoyin da ke kusa da su, ballantana a garin da dubban dabbobi ke kwana kowane mako.

Wanda ke ganin sake mashaya ƙaramin abu ne, ya ji labarin garin Filint a Amurka. A watan Afrilu na 2014 mahukunta suka juya famfon garin zuwa kogi don rage kashe kuɗi. Ruwan kogin ya fi na da cin bututu, ba a kuma sa maganin da ke kare bututun ba. Ruwa ya ci tsofaffin bututun dalma, dalma ta shiga jinin yara. Talakawan garin suka yi ta kuka da launin ruwa da ɗanɗanonsa, ana ce musu lafiya lau ne, sai a watan Oktoba na 2015 aka mai da su mashayarsu ta da. Wannan a ƙasar da ke da ɗakin gwaji ko'ina ke nan.

Mun san abin da wasu manya za su ce. Za su ce, haba, mutanen da ke neman ruwa ko wane iri ne, ku kuna maganar awo? A bari a samu tukuna. Amsarmu ita ce, wanda ya sha wuyar samun abu shi ya fi cancanta ya san abin da ya samu. An kashe miliyoyi an haƙa burtsatse, an kafa tanki, an rubuta sunan wanda ya kawo aikin da manyan baƙaƙe. Ɗan ma'aunin nan kuwa bai kai kuɗin akuya guda ba. An sayi doki, linzami ne zai gagara? Ƙa'idar da aka rubuta aka ajiye a Abuja, in ba a kawo ta bakin famfo ba, ba ta rage wa mai wanki ko sabulu guda.

Saboda haka ga abin da muke nema, ba kuwa roƙo ba ne, hakki ne.

Na farko, Hukumar Ruwa ta Jihar Jigawa, da hukumomin ruwan ƙananan garuruwa da na karkara, da ƙananan hukumomin nan huɗu, su auna kowace burtsatse da kowace rijiyar jama'a sau biyu a shekara, da kaka bayan ɗaukewar ruwa, da kuma tsakiyar bazara. A rubuta lambar da ranar awo a jikin tanki, da boko da ajami.

Na biyu, tun da ɗan ma'aunin aljihu jimla kaɗai yake faɗa, ba ya rarrabe naitiret da kanwa, ba ya kuma ganin ƙwayar cutar amai da gudawa, to a kai ruwan kowace mashaya ɗakin gwaji ko da sau ɗaya a shekara, a karanta sakamakon a gidan rediyo da ƙofar mai unguwa.

Na uku, duk ran da za a juya famfon gari zuwa wata burtsatse, a yi shela tun kafin ranar.

Na huɗu, masu ruwan leda da ke ɗauke da lambar NAFDAC, su ma su nuna wa mai saye awon ruwansu in ya tambaya.

Mu kuma kada mu naɗe hannu muna jiran mahukunta. Ƙungiyar 'yan garuwa, da ta masu wanki, da ta masu shayi, da ta direbobi, kowace ta tara taro da sisi ta sayi ma'auni guda, ta sami yaro mai rubutu da littafi. Kowace Alhamis a auna ruwan mashayun gari a rubuta. Mai wanki ya san rijiyar da ba ta cin sabulu, mai faifan sola ya wanke shi da sassafe da ruwan da ya fi sauƙin gishiri, ko ya tari ruwan sama ya ajiye don wannan aiki. In shekara ta zagayo, littafin nan ya zama hujja. Ran da lambar wata rijiya ta yi tsalle, sai a ɗauki littafin a tafi ofishin ruwa da shi, domin ana iya musun bakin talaka, amma musun lamba sai an kawo wata lambar.