Wai Saiwa Ce, Ba Ta Illa

'Yar'uwa, gyara zama mu yi maganar da ba a so a yi. Akwai wata kalma da ta zama ruwan dare a gidajen biki da suna a nan Wudil, duk sanda na ji ta sai raina ya ɓaci: "Sha abinki, ai saiwa ce, ba ta illa." Haba jama'a! Zaƙami ba tsiro ba ne? Wace ce za ta ɗiga ruwan tumfafiya a idonta don an ce daga ƙasa ta fito?

Ba haka kawai nake wannan faɗa ba. Bara ƙanwata tana da cikin wata huɗu, maigidanta yana ta shirin ƙara aure, ga uwar adashi ta yi layar zana da kuɗinta. Barci ya ƙaurace mata, sai ta kwana tana ƙirga azarar ɗaki har asuba. Ran wata Juma'a, ranar kasuwa, wata dillaliya ta shigo mata da 'yar roba cike da ƙwayoyi, wai saiwar baleriyan ce daga Turai. Ni na tsinci robar a ƙarƙashin matashinta, da na buɗe kuwa wari ya buge ni kamar na tsohuwar safa. Na ce me ye wannan? Ta ce, "Yaya, wallahi so nake na runtsa ko na awa biyu ne."

Ba na musun cewa baleriyan tsohon magani ne. A Turai da Asiya take fitowa, Galen likitan Girka ya ba da ita don rashin barci tun ƙarni na 2, kuma a Ingila an sha ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu saboda fargabar ruwan bama-bamai. To amma tsufa ba shi ne shaida ba. Da aka yi ta gwada ta a kan mutane sakamakon ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, har a 2017 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta shawarci likitoci kada su rubuta ta ga mai daɗaɗɗen rashin barci. Tana iya kawo ciwon kai, jiri, ɓacin ciki da kasalar safiya. Mai ciki da mai shayarwa kuwa ba a tabbatar ba ta cutar da su ba, shi ya sa ake ce musu su bar ta. Dillaliyar ta faɗi wannan? Ina! Kuɗinta ta ƙulle a bakin zane ta ƙara gaba.

Wasu ma ɗauka suke baleriyan ƙanwar baliyam ce don sunan ya yi kama. Ba su haɗa komai ba, Valium ƙwaya ce da kamfanin Roche ya fitar a 1963. Sai dai in kin haɗa su, ko kin bi da maganin tari mai kodin, nauyin barcin ƙaruwa yake, har jaririnki ya yi ta tsala kuka a gefenki ba ki sani ba.

Nan ne tsorona yake. Saiwa ta kasa, sai ƙawa ta ce ƙara da rabin ƙwaya. Rabi ya zama ɗaya, ɗaya ta zama kwalba. Mun ga yadda ta kaya a Kano kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a watan Mayun 2018, bayan fim ɗin da BBC ta yi. Binciken ƙasa na wannan shekarar ya nuna cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye a Nijeriya ɗaya mace ce. Kina zaton duk a tasha suka koya? Da yawa a kan gadonsu na aure suka fara, suna neman barci.

Ni ba na gaba da maganin gargajiya, da sabara da zogale aka raine ni. Abin da na ƙi shi ne a sayar wa mace barci alhali ba a tambaye ta me ya hana ta shi ba. Wata shayi ne mai kauri da goro bayan la'asar, da riƙe waya har ƙarfe ɗaya. Wata kuwa ciwon damuwa ne, musamman bayan haihuwa, kuma yana da magani a asibiti. Dawanau ba don masu jifa da dutse kaɗai aka gina ta ba.

Ƙanwata dai na tasa ta gaba zuwa awo, da robar a jakata. Ma'aikaciyar ta auna jininta ta ce ya hau, ta hana ta ƙwayoyin nan take. Da daddare Inna ta sa aka kira maigidan nata, aka zauna har sha ɗaya. Auren bai fasa ba, kuɗin adashin ma har yau shiru, amma an yi magana, ta yi kukanta ya ishe ta. Ta sauka lafiya, mace. Robar tana nan saman kabad ɗina, ina jiran ranar da dillaliyar za ta sake yin sallama.