BAƘON KANO ƊAN'UWANMU NE

Jama'ar Anka da Gummi da Bukkuyum, talakawa da 'yan kasuwa, makon nan zancenmu a kan baƙo yake. Ba baƙon da ya zo da mota da takardar haƙar zinariya ba, wannan ya san inda zai kwana. Muna nufin samari da 'yan matan da suka ƙetaro iyaka daga Maraɗi ko Damagaram ko zangon Kumasi, suka sauka Kano ba su da kome sai murya da basira, suna neman abinci ta hanyar waƙa da wasan fim.

Tun da aka fito da fim ɗin Turmin Danya a 1990 sana'ar nan take janyo yara daga ko'ina. Fati Nijar, wadda kuke jin muryarta a rumfunanku, a Maraɗi aka haife ta. Hadiza Gabon kuwa a birnin Libreville. Ku dubi sunayensu. Sun shahara a Kano, amma har yau da sunan ƙasar da suka baro a ke kiransu. Su kam sun mai da shi abin ado. To, ina ƙananan da ba a san su ba? Yaro ya kwana a ɗakin ɗaukar murya, ya yi amshi wata da watanni ba yarjejeniya a rubuce. Kadan an cuce shi ba shi da bakin kai ƙara, don yana tsoron a fara tambayarsa takarda kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Mu kuwa muna tambaya, wane ne kabar a Kano? Wangarawa daga Mali suka zo zamanin Sarki Yaji. Unguwar Agadasawa, da Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Ayagi ta Yarbawa, duk masaukin baƙi ne, yau jikokinsu Kanawa ne ba mai musu. Iyakar nan da ta raba Katsina da Maraɗi, Turawan Ingila da Faransa suka shata ta tsakanin 1898 da 1906, ba su shawarci kakan kowa ba. Sarautar Maraɗi ma ai Katsinawa suka kafa ta.

Mun kuma ga abin da kan faru sa'ad da mahukunta suka rasa amsar da za su ba talaka. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Gana, Hausawa masu yawa suka baro rumfuna da gidaje. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan, mutum fiye da miliyan ɗaya suka fita Nijeriya. Shin gero ya yi araha bayan sun tafi? Wa ya sami aiki? Talaka aka kora, talaka aka bari da yunwarsa.

Abin da ya sa maganar ta shafe mu shi ne, 'ya'yanmu ma baƙi ne. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a ƙasar nan tamu, samarinmu sun watsu Kano da Abuja da Ikko suna acaɓa da ga-ruwa da wankin takalmi. Can a kan tambaye su takardar shaidar ƙaramar hukuma, a dube su da idon zargi saboda karin harshensu na Zamfarawa. Wanda ya yarda a wulakanta ɗan Maraɗi a Kano ya yarda a wulakanta ɗan Bukkuyum a Ikko. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, tun da Nijar ta fita ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu 2025, lalle Gwamnatin Tarayya ta bayyana wa jama'a da Hausa, a rediyo, matsayin ɗan Nijar mai zama da sana'a a nan, don kada kowane mai kaki ya yi tasa dokar a bakin hanya. Na biyu, Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sa ƙa'ida ɗaya da kuɗin rajista ɗaya ga baƙo da ɗan gida. Na uku, masu shirya fim su rubuta wa kowane yaro ladansa kafin ya buɗe baki.

Saura namu, mu 'yan kasuwa. Mun fi kowa sanin darajar mai masauki, gama ba fatauci sai da shi. Yaron da ya sauka rumfarka da baƙon harshe, ka ba shi ruwa, ka nuna masa hanya. Ɗanka yana can wata uwa duniya yana jiran wanda zai yi masa haka.