Kafin Ku Zagi 'Yan Anime, Me Kuka Ba Su?

Wani furodusa da nake ganin girmansa ya tare ni a titin Gidan Zoo cikin watan jiya, ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Ashe kai ma ka shiga? Ƙato da kai, ka bar Kano ka tafi Abuja jan kujeru a bikin 'yan katun?" Wai an nuna masa hotona sanye da rigar 'yan sa kai, a bayana ga wani yaro da gashin soso ruwan ɗorawa. Na ce, "Yallaɓai, ni ne." Ya girgiza kai, ya ce yaran yanzu sun gama lalacewa, sun bar al'adarsu sun koma bautar zanen Japanawa. A wurin ban ce uffan ba, don ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma a gaban yaransa ne. To amma wannan shafin nawa ne, saboda haka, Yallaɓai, a yi haƙuri, ga amsar da na haɗiye ran nan.

Da farko, ban je don in yabi kowa ba. Taron masoya anime ne, wato finafinan zane na ƙasar Japan, da manga, littattafansu na labari cikin zane. Wani abokina da muka yi foli tare ya ce suna neman masu taimakawa, ni kuma na ce bari in je in gani da idona, don na gaji da jin "an ce". Tun ƙarfe shida na safe muke jera kujeru, daga nan aka tsayar da ni a bakin ƙofa ina ɗaura wa masu tikiti alama a hannu. Abincin da aka ce za a ba mu da azahar bai iso ba sai bayan la'asar, ya huce sanyi ƙalau. Wurin salla ma ba wanda ya tuna da shi, kwali muka shimfiɗa a bayan janareta. Sisi ba a biya mu ba. Na faɗa wa masu shirin hakan a gabansu, kuma ina nan a kan bakana.

Amma abin da na gani a bakin ƙofar nan shi ya hana ni barci. Wata yarinya 'yar jami'a daga Zariya, da hijabinta, ta ɗora riga mai ɗaki-ɗaki kore da baƙi a kan abayarta, irin ta Tanjiro na Demon Slayer. Da kanta ta ɗinka, a keken mahaifiyarta. Wani yaro ya haɗa takobi da kwali da soso da fenti, sai ka taɓa za ka yarda ba ƙarfe ba ne. Can gefe wasu samari sun fi awa guda suna musu a kan ko Itachi na cikin Naruto yana da hujjar abin da ya yi wa danginsa, kowa na kawo dalili daga cikin labarin. Don Allah mai karatu, yaushe rabon da ka ji ana irin wannan musun a kan wani mutum na cikin fim ɗin Hausa? Mu musunmu bai wuce wace 'yar wasa ce ta sayi mota, wace ce aurenta ya mutu ba. Ɗan wasa muke kallo, saboda ba a rubuta mana mutumin da zai zauna a zuciya ba.

Su Japanawa ba da ka suka kai nan ba. Babban taronsu, Comiket, an fara shi ne a Tokyo cikin Disambar 1975, da ƙungiyoyi 32 masu baje littattafan da suka zana da kansu, da 'yan kallo kamar 700. A Disambar 2019 mutum 750,000 suka shiga cikin kwana huɗu. Su wa ke riƙe da wannan taron? Dubban 'yan sa kai, irin aikin da aka ce na zubar da girmana da na yi. A can mai kallo yana zana nasa labarin da taurarin da yake so, ya buga, ya sayar, kamfanoni galibi su kau da kai don sun san daga cikin yaran nan ake samun ƙwararrun gobe. Mu fa? A 2007 littattafan Hausa aka tara aka cinna wa wuta a Kano. Mai kallo kuwa aikinsa ɗaya a wurin 'yan fim: da a sayi kaset, yanzu a danna a kalla a YouTube, a yi shiru.

Maganar "sun bar al'adarsu" ita ta fi ba ni dariya, musamman daga bakin wanda rabin finafinansa wankin Indiya ne, har da rawa a cikin ruwan sama. Ka san me yaran nan suke kallo kuwa? Tatsuniya. Dilan nan mai wutsiya tara da ke cikin Naruto, wanda Masashi Kishimoto ya fara a 1999, daga tsoffin almarorinsu ya fito. Jiraiya mai hawan kwaɗo da Orochimaru mai maciji sunaye ne na wani labari da ake karantawa a Japan tun ƙarni na 19. Spirited Away na Hayao Miyazaki, wanda ya fito a 2001 ya ci Oscar a 2003, labarin yarinya ce da ta faɗa gidan wankan iskoki, wato kusan abin da kakanninmu ke ba mu da daddare. Shekara 19 yana riƙe da kambin ciniki a Japan, sai a 2020 fim ɗin Demon Slayer ya ture shi. Shi kuma Tanjiro ko san wane ne? Yaro talaka mai sayar da gawayi, yana neman maganin da zai dawo da ƙanwarsa mutum bayan ta zama dodo. In na ba ka wannan labarin da "ga ta nan ga ta nanku", wallahi ba za ka ce ba namu ba ne.

Su sun ɗauki na kakanninsu sun wanke sun goge, duniya ta saya. Mu muna da Gizo da Ƙoƙi, da Ɓotorami, da Dodo. Muna da Ruwan Bagaja tun 1934, da Magana Jari Ce tun 1937, da Iliya Ɗan Maiƙarfi wanda ko yau aka zana shi zai kara da kowane jarumin Japan. Kamfanin Sarauniya ya gwada da Daskin Da Riɗi a ƙarshen shekarun 1990, mutane suka karɓa hannu bibbiyu, amma 'yan kaɗan ne suka bi sawu, saura suka koma wa namiji ɗaya mata biyu da waƙa shida. A 2024 kamfanin Kugali ya haɗa kai da Disney suka fitar da Iwaju, labarin Legas cikin zane. Namu yaran masu iya zane suna nan suna fama da tsohuwar kwamfuta a ɗaki, ba mai kuɗin da ya leƙa su.

Ita ma shigar kwaikwayon da ake yi wa gori, baƙuwa ce a wurinmu? Duk goma ga azumi yaranmu na manna gemun auduga su zama tsoho, su rataya layu da tarkace su zama Jatau mai magani, mu ba su sadaka muna dariya. Tashe ke nan. Kuma yayyenmu da ke ɗaga murya yau, su ne suka sha kallon Voltron a NTA, wanda asalinsa zanen Japan ne aka juya. Masu tauraron ɗan'adam na tashoshin Larabawa sun san Kyaftin Majid, shi ma ɗan Japan ne aka sauya wa suna. Ban ga sun lalace ba, ga su nan har da masu furodusin.

Ba na musun akwai ɓarna a ciki. Akwai anime mai tsiraici, akwai mai zubar da jini wanda ko ni ba na iya ƙarasawa, kuma a taron na ga shigar da ba zan bar ƙanwata ta yi ba. Kuskuren iyaye shi ne ɗauka cewa duk abin da aka zana na yara ne, alhali su masu yin sun raba, wannan na yara, wannan na manya. A zauna a duba abin da yaro ke kallo a waya, wannan wajibi ne. Amma a tsaya a titi a yi wa dubban yara kuɗin goro ba tare da an taɓa kallon kashi ɗaya ba, wannan ragwanci ne, ba kishin al'ada ba.

Da yamma muna tattara kujeru, yarinyar nan ta Zariya ta ji an ce ni mai sharhin finafinan Hausa ne. Ta matso ta ce, "Yaya, baɗi ina so in yi shigar wani daga namu. Wa kake ganin zan yi wanda kowa zai gane?" Na tsaya ina lalube. Na ce marigayi Ibro. Ta yi dariya ta ce ai wannan na maza ne, ita fa? Na sake lalubawa, sunayen 'yan wasa sai zuwa suke, amma sunan mace ɗaya ta cikin labari, mai kamanni da shigar da za a gani daga nesa a ce ga wance, ya gagara. Na ce mata ta bari zan tambayo manya.

To Yallaɓai, ga tambayar nan na kawo maka. Wa za ta yi?