Mangwaron Gidana da Haƙƙin Maƙwabci

Ranar Juma'ar da ta gabata na taka har ƙofar maƙwabcina na ba shi haƙuri, kuma bishiyar mangwaro ce sila. Tun watan Fabrairu nake wayar gari in tarar da 'ya'yanta zube a tsakar gida, wasu kamar ƙwayar gyaɗa, wasu kamar ƙwan zabuwa. Ban bincika ba na yanke hukuncin cewa yaransa ne ke jifa ta bayan katanga, har na aika masa da magana marar daɗi. Uwargida kuwa cewa ta yi kambun baka ne.

Da yaran suka tafi biki ƙauye na mako guda zubar ba ta tsaya ba, sai jikina ya yi sanyi. Na ɗebi 'ya'yan a leda na kai wa wani abokin aiki a tsangayar aikin gona. Ya ce ƙananan ba abin damuwa ba ne: cikin furanni ɗari na mangwaro da wuya ɗaya ya kai ga nuna, domin bishiya kan zubar da abin da ba za ta iya ciyarwa ba. Matsakaitan kuwa ƙishirwa ce ta kayar da su, domin nakan manta da ban ruwa kwana goma cikin zafin bazara, sannan in malala mata rana guda. Da ya yanka mafi girma a cikinsu, sai ga tsutsotsi. Aikin wani ƙuda ne ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a 2003 kafin ya bazu zuwa Afirka ta Yamma. Macen kan huda fata ta saka ƙwai, ɗan itacen ya faɗo, tsutsar ta shige ƙasa ta fito da fukafukai.

Maganin ba ya cin kuɗi: ban ruwa a kan kari, lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa, da tsince abin da ya faɗo kullum a ƙulle cikin baƙar leda a bar shi a rana, ko a binne da zurfi.

Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai cewa hujja ke gaba da hukunci, ga shi na kasa aiki da hakan a tsakar gidana. Magabata sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle nawa da ya zama ƙarya. Maƙwabcin ya yafe, amma da sharaɗi: kwandon farko na yaransa ne.