Ciwon hanta mai taɓa ƙwaƙwalwa: Inda gizo ke saƙa a Kano ta Kudu

Idan mai ciwon hanta a Kiru ko Doguwa ya fara sambatu, yana barci da rana, hannunsa na karkarwa, dangi kan ce iskoki ne. A likitance kuwa, hantar ce ta kasa tace sinadarin amoniya, sai ya bi jini ya kumbura ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Hoton MRI kan nuna haske a can cikin ƙwaƙwalwar, alamar taruwar sinadarin manganis.

Irin wannan hoto sai an dangana da birni, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga kuɗin mota ga na hoto. Amma ba sai da shi ake fara magani ba: duban likita, gwajin jini da maganin lactulose kan dawo da mutum hayyacinsa.

Binciken NAIIS na 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Allurar rigakafinsa kyauta ce ga jarirai, cikin awa 24 da haihuwa. Abin da ya kamata a tambayi shugabannin Bebeji da Tudun Wada shi ne: jarirai nawa da aka haifa a gida suka same ta?