Filin Direbobi: Kada Ka Toshe Bakin Mai Gadi

Makon jiya a unguwar Gwadabawa ta Jimeta na tarar da wani direba ya cire wayar jar fitilar mai, wai ta dame shi da ƙyaftawa. Haba malam! Wa ke toshe bakin mai gadi don ihunsa na hana barci?

Wani ɗan makunni da ke ɗaure a jikin inji shi ke sarrafa fitilar nan. Muddin famfo na tura baƙin mai da ƙarfi, a kashe take. Ƙarfin na faɗuwa sai ta kama. To, in ta kama kana tafe, ratse gefe ka kashe inji, ka duba sandar awo. In mai a cike yake, kada ka yi saurin ɗora wa makunnin laifi. Sa bakanike ya kwance shi, ya ɗaura agogon gwaji a gurbinsa, a auna inji da zafinsa, domin zafi na tsinka mai, balle a bazarar Yola. Awo ya yi daidai, a sa sabon makunni, ban da matsewa fiye da kima. In kuwa ya gaza, kada motar ta motsa sai da janwe.